Zangon da Ya Cinye Damina

Tasi'u ya gama jarrabawar ƙarshe ta zangon karatu a kwalejin horon malamai, washegari ya hau motar Ɗanbatta. Shekarun nan ne da ake bin layi a kan sabulu da gishiri. Malaman kwaleji sun yi yajin aiki tun da rani, shi ya sa zangon da ya kamata a gama kafin saukar ruwa ya zarce ya cinye damina ɗungurungum.

A mota yana ta juya abin da ya kwaso. Akwai malamin halayyar yara da ba a cika ganinsa ba, in ya zo kuma da allo yake magana. Akwai malamar Turanci, mai faɗa kamar me, amma ita ce ta ɗaga aikinsa a gaban aji ta ce wannan yaron zai yi malanta. Sau da yawa garin kwaki da ruwan famfo ne abincinsa kafin ya shiga aji. Duk da haka yana son wurin. Nan da mako biyu za a koma, wanda bai koma ba kuwa an soke sunansa ke nan.

Daga bakin titi ya bi 'yar hanya ta tsakanin gonaki. Geron kowa an girbe an kwantar. Nasu ne kaɗai a tsaye, siriri, harƙiya ta shaƙe shi.

A zaure ya tarar da babansa, Malam Basiru, a kwance. Kurkunu ya fito masa a idon sawu, an naɗe tsutsar a jikin tsinke.

"Malam ƙarami, an gama? To me aka karantar da ku?"

Tasi'u ya zauna ya faɗa masa. Tsohon bai gane rabi ba, amma yana ta gyaɗa kai yana cewa madalla.

"Yaushe ne komawa?"

"Nan da mako biyu, Baba."

"To ka koma. Geron nan ka bar ni da shi."

Mutumin da ko bakin rijiya ba ya iya zuwa.

A cikin gida Inna Hure ta warware masa. Babansa ya ɗauka kowace makaranta tana sakin yara da damina, kamar bara. Da ƙafar ta kumbura sai ya kira gayya a noman firi, wato noman farko, samari suka zo suka nome gonar tas, ya ce musu Tasi'u na nan tafe, zai bi su gida-gida ya rama a maimai, noma na biyu. Maimai ya zo, Tasi'u bai zo ba. Da aka sake kiran gayya, Inna ta dama fura ƙwarya guda, amma tsofaffi biyu ne kawai suka leƙo.

"Inna, me ya hana a aiko mini?"

"Shi ya hana. Wai ba a tayar da mai karatu."

Da la'asar ya nufi gonar su Hadi, abokinsa na ƙuruciya, wanda yanzu shi ke jan samari wajen gayya. Ya same shi yana ɗaurin dami.

"A'a, ga farfesa! An zo duba mu ne? Nuna hannun nan mu gani. Kai, sai ka ce na amarya."

"Hadi, ku taya ni girbi."

Hadi ya taka damin ya ja igiya, bai ɗago ba.

"Wa ya taya mu maimai? Ni na tsaya wa Baba Basiru, ni na ce wa yara su zo, Tasi'u ba ya saɓa magana. Har yau gori suke mini. Ba fushi nake da kai ba, wallahi. Amma gayya ba sadaka ba ce."

"Ina nan mako biyu. Duk gonar da kuka ce zan shiga."

"Mako biyu! Ga cirar gyaɗa, ga girbin dawa, ga ɗaukar kara, har sanyi ya shigo. In kana cikinmu har ƙarshe, gobe mu faɗa gonarku. In ba haka ba kar ka sa in sake jin kunya."

Tasi'u ya juya ya dubi gefen gonarsu. Tsuntsaye sun riga sun fara sauka a kai. Ɗan abin da ke tsayen nan shi ne abincin gidansu har wata daminar.

"Ku zo gobe."

Sai yanzu Hadi ya ɗago. "Makarantar fa?"

"Na ce ku zo gobe."

Da ya koma gida ya wuce zaure a hankali, ya samu Inna tana hura wuta. Ya ce ta jiƙa ɗan geron da ya rage, gobe akwai mutane. Ta bar wutar ta dube shi.

"Su Hadi? Da me ka shawo kansu?"

Ya durƙusa ya tura mata itace cikin murhu. Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta share ido da bakin zane, ta ɗauko ƙwarya.

"Kar ka gaya masa yau," in ji ta. "Bari ya ci tuwonsa tukuna."