Laujen Habibu

Ina tsakiyar wanki a gidana na Gwandu waya ta yi ƙara. Kawu Lawal ne daga Diggi, ƙanen mahaifiyarmu.

"Safiya, ciwon Habibu ya tashi. Ya faɗa gonar Alhaji Abu yana ta yanke shinkafar da ba ta nuna ba, wai tashi ce. Wanda duk ya matsa sai ya ɗaga mai lauje. An kira 'yan sanda."

"Wa ya kira su?"

"Ni."

Wallahi da kusa yake, da na manta kawuna ne. Habibu ƙanena ne, ciki ɗaya. Shekara uku ke nan yana fama da taɓin hankali, tun da ambaliya ta cinye gonarsa. Allura ɗaya ake yi masa duk wata, ya zauna lafiya lau. Kaka ta kama, kowa ya tare a fadama, aka manta da shi har wata biyu. Yanzu kuma a tsayar min da shi gaban bindiga da lauje a hannu?

Na zari mayafi na tare ɗan kabu-kabu. A bisa mashin na kira Malama Jidda, ma'aikaciyar jinyar da ke yi masa allurar a Kalgo. Ta ce in biyo. Na tarar da ita bakin hanya da jakarta, ga kuma ƙatuwar ƙwarya ta fura. Raina ya ɓaci.

"Malama, ana batun rai, ke fura kika tsaya saye?"

"Riƙe ludayin dai, mu tafi."

A fadama mutane sun yi cincirindo, har da masu igiya. 'Yan sanda biyu ne: saje da ankwa a hannu, ɗayan da bindiga. Can tsakiyar gona na hango Habibu ba riga, yana yanka yana magana shi kaɗai.

Sajen ya ce, "Malama, ni ma ba son aikin ga nake ba. Amma makami ne a hannunsa. In ya sari wani, ni za a tambaya."

Jidda ta ce, "Yallaɓai, mara lafiya ne, kuma nawa ne. Kai dai kore min mutanen nan baya. In na kasa, sai ka shiga."

Sai ya juya ya daka wa taron tsawa. Har Kawu da igiyarsa suka ja da baya, abin ya yi min daɗi.

Jidda ta ɗora min ƙwaryar a ka. "Tun asuba yake yanka, bai sa komai a ciki ba. Je ki kamar yadda kike kai wa babanku abinci gona. Kada ki ambaci lauje."

Na bi kan kunya. Da na matso na ce, "Sannu da aiki, manomi. Ga fura ta iso."

Ya tsaya cak, idanu jajur. Sai ya yi abin da Baba ya koya masa tun yana yaro, cewa ba a tarbar abinci da ƙarfe a hannu. Ya soke laujen a dami, ya wanke hannu a ruwan kwari, ya zauna. Na so in rangaɗa guɗa, na danne.

Ya hango sajen. "Yaya, wancan fa? A sha fura baƙo na tsaye? Kira shi."

Sajen ya taho a hankali ya tsuguna. Habibu ya miƙa masa ludayi da hannu biyu. "Babba ke farawa."

Hannun sajen na riƙe da ankwa. Ya dube ta, ya cusa ta aljihu, ya karɓi ludayin ya yi bismillah.

Jidda ta zauna gefe. "Habibu, wata biyu kana guduna."

Ya sunkuyar da kai yana 'yar dariya. "Aiki ne ya yi yawa, Malama."

A motar 'yan sandan muka kai shi asibiti, shi a kujerar gaba, ƙwarya a cinyarsa. Muna fita daga fadama ya waiwayo.

"Yaya, bana ruwa bai ci min shinkafa ba ko?"

Ina dariya ina share hawaye na ce masa, "Bai ci ba. Ƙarasa furarka."