Faifan da Kafinta Ya Ƙi Saurara

"Kawu, don Allah ajiye sukudireban nan," in ji Auta. "Wannan ba rediyo ba ce."

Mai Rediyo bai ajiye ba. Shekara arba'in yana buɗe cikin kayan sauti a shagonsa da ke jikin gidan Kafinta, yau kuma 'yar da aka haifa a kan idonsa za ta koya masa aiki. Ya kife tsohuwar kwamfutar a kan tebur, ya kwance bayanta, ya taɓa wayoyin sifika da ƙaramin batir. Sifikar ta yi ƙaras.

"Kin ji? Bakin lafiyarsa lau. Maganar ce ba ta isowa."

A kan gado, Kafinta, mahaifin Auta, ya buɗe ido. Kwana tara ke nan da aka sallamo Kafinta daga asibiti, irin sallamar da kowa ya san ma'anarta. Bai nemi komai ba sai abu ɗaya. Ƙaninsa, wanda suka yi shekara ashirin ba sa ga maciji, ya aiko masa da faifai kafin ya rasu. Kafinta ya jefa shi ƙasan akwatin ƙusoshi, ya ce ba zai ji ba. Yanzu yana so ya ji, kuma duk layin babu abin da ke cin faifai sai wannan kwamfutar ta Auta.

"Har yanzu?" ya tambaya da ƙyar.

"Kai dai kwanta," in ji Mai Rediyo. "Ba inda za ka sai ka ji shi. Ni na faɗa."

Ya mayar da bayan kwamfutar, ya miƙa wa Auta. Ita ce ta sa mata manhajar nan ta kyauta da kowa ke iya gyarawa, don wadda ta zo da ita ta yi mata nauyi. Tun shekaranjiya take rubuta umarni a wani baƙin allo, tana kwafowa daga wayarta. Ta gwada mayar da maganar cikin waya, abin ya ƙi. Yanzu ta buɗe wani wuri mai dogayen sandunan ƙara sauti, ta gano guda a kulle, ta buɗe, ta ɗaga kowace har sama. Faifai yana juyawa, lambobi suna tafiya. Shiru.

Ta dafe kai. Mai Rediyo ya gyara tabarau ya matso. Ba ya karanta rubutun, amma ya ga wani ɗan hoto a kusurwa.

"Wannan fa?"

"Alamar iyafis ce."

"To ina iyafis ɗin?"

"Babu, Kawu. Ita ce dai take ganin akwai."

"Inji ba ya mafarki, 'yar nan. In ya ce akwai, akwai."

Ya juya kwamfutar, ya haska tocila cikin ɗan ramin da ke gefe. Can ciki wani abu ya yi ƙyalli. Kan iyafis ne ya karye ya maƙale, duk maganar tana tafiya wurinsa.

Auta ta rufe baki. "Tun ina makaranta ya karye. Na manta shaf."

"Karatu ya yi rana. Ba ni biro."

Ya zare bututun tawada, ya tura bakinsa cikin ramin don ya kama guntun. Ya zame. Ya sake, ya zame. Gumi na shiga masa ido, numfashin Kafinta kuma yana ƙara nisa tsakanin ɗaya da ɗaya. Ya goge hannu a riga, ya ɗan buɗa bakin bututun da ƙusa, ya tura a hankali har ya ji ya zauna. Ya jawo. Guntun ƙarfe kamar ƙwayar hatsi ya faɗo tafinsa.

Sai ga tari ya cika ɗakin, tarin wani mutum daban.

"Yaya, ni ne. Na san za ka ce ba ka ji."

Kafinta ya yunƙura, Auta ta tallafe shi.

"Zarton Baba da muka yi faɗa a kansa, ba ɓata ya yi ba. Ni na ɗauka."

"Ai na sani, ɓarawo," in ji Kafinta. Hawaye ya gangara masa cikin kunne, bakinsa na murmushi. "Ƙara masa murya."

Mai Rediyo ya tattara kayan aikinsa zai ba su wuri. Kafinta ya kama masa gefen riga, sai ya koma ya zauna.

Sau uku aka maimaita faifan da yammacin nan. Washegari da hantsi Kafinta ya cika, 'yarsa na riƙe da hannunsa.

Mutane sun yi ta tambayar Mai Rediyo me ƙanin ya faɗa. Bai taɓa gaya wa kowa ba. Abin da ya riƙe shi ne wani wuri kusa da ƙarshen faifan, inda ƙanin ya yi shiru mai tsawo kamar mai jiran amsa. Duk sau ukun, in an zo wurin, Kafinta yakan juya fuska wajen kwamfutar, leɓensa na motsi, har sai wancan ya ci gaba.