Takun Baba Nwachukwu

Shekara talatin Baba Nwachukwu ya yi yana bin layin dogo a ƙafa yana duba ƙusoshi, daga wannan katako zuwa wancan. Aikin ya ƙare tuni, amma ƙafarsa ba ta samu labari ba. Ko coci za shi, takunsa gajere ne, daidai tazarar katakan nan.

Tun rasuwar matarsa alƙalancin ƙwallon majami'un Kafanchan ne kaɗai ke fitar da shi gida. Matsalar ita ce bugun tazara. In ya ƙirga taku goma domin katangar 'yan wasa, da ƙyar ta kai yadi bakwai maimakon goma, mai bugu sai ya dirka wa mutane ƙwallo a ciki. Ƙorafi ya yi yawa har kwamiti ya ce in aka sake kawo ƙara a wasanmu da Zonkwa, za a karɓe usur ɗin. Ni dai abin ya ba ni haushi, amma kujerata ta ajiye ruwan sha ce, ba ta yanke hukunci ba.

Ran wasan, saura minti biyar, ana ɗaya da ɗaya, Zonkwa suka samu bugu a bakin gidanmu. Baba ya ƙirga gomansa, ya nuna wuri, ya juya. Levi, mai bugun Zonkwa, har ya buɗe baki zai yi magana.

Sai Meshak, kyaftin ɗinmu, ya ja rigunan na kusa da shi a katanga. "Ku koma baya, taku uku. Kar wani ya yi surutu."

"Kyaftin, za su ci mu fa!"

"Na sani. Koma."

Suka ja da baya sumui-sumui kamar masu satar fita daga wa'azi. Levi ya rufe bakinsa, ya lanƙwasa ƙwallo ta saman kawunansu, ta faɗa raga. Aka ci mu biyu da ɗaya, kuma ko mutum ɗaya bai kai ƙara ba.

Ina tattara jarkoki Baba ya zo ya tsaya gaban Meshak.

"Ɗana, na ga sawunku a ƙasa."

"Baba, zamewa muka yi."

"Ku biyar?" Ya yi 'yar dariya, idonsa ya kawo ruwa. Ya cire igiyar usur daga wuyansa ya miƙa mini. "Keziya, kai wa kwamiti. Ba zan bari yara su riƙa faɗuwa saboda ni ba."

Wallahi ban so karɓa ba. Ya kama hannuna ya danƙa mini, da ɗuminsa.