Kada Kowa Ya Ce Lafiya

Tun ranar Litinin da hedimasta ya sanar cewa jami'in tsare-tsare na gunduma zai zo ranar Alhamis, Nsofwa ta kasa zama wuri ɗaya. Ta bar wa maƙwabciyarta teburin tumatir a bakin babban titin garin Kapiri, ta shiga unguwar bayan layin dogo gida-gida, zancenta ɗaya: kada kowa ya ce lafiya.

Ba mai kiranta Nsofwa a unguwar, Maman Lubuto kowa ke cewa. Lubuto ɗin kuwa 'yar shekara takwas ce, tana aji biyu, in dai gindin mangwaro aji ne. Tun da aka ce karatu kyauta ne, kuma mutane suka yi ta kwararowa garin saboda manyan motocin da ke yada zango, makarantar da aka gina wa yara ɗari huɗu ta cika ta batse. Aka raba su 'yan safe da 'yan rana, duk da haka azuzuwa uku suna waje. Kowane yaro da rabin bulon da yake zama a kai. Na Lubuto uwarta ce ta rubuta mata suna a jiki da jan farce. Abin da ke ci wa Nsofwa rai shi ne, yarinyar ba da haruffan take gane bulonta ba, da jan take gane shi. Shekara biyu tana zuwa makaranta! Ga Oktoba ya raba, saura 'yan makonni damina ta fara a ƙasar nan, kuma ranar da aka yi ruwa 'yan gindin mangwaro gida suke komawa.

Mu mutanen nan muna da wata cuta da ba a sayar da maganinta a kemis. Ba ma iya barin baƙo ya ga gazawarmu. Bara da aka turo wani jami'in, kwana uku iyaye suna aiki. Aka shafe bango da farar ƙasa, aka kwaso bencuna daga coci, aka ce 'yan gindin mangwaro su huta a gida, aka yanka kaji aka tuƙa nshima, tuwon masararmu, mai laushi. Baƙo ya ci, ya wanke hannu, ya tambayi yadda makaranta take, aka ce masa lafiya lau. Bayan wata biyu hedimasta ya nuna wa Nsofwa kwafen takardar da baƙon ya cike. A layin da aka ware wa ra'ayin iyaye an rubuta: “Sun ce komai lafiya.” Sababbin azuzuwan da gunduma za ta gina suka tafi wata makarantar.

Ranar Laraba da la'asar iyaye suka taru a harabar makaranta. Baba Katongo, shugaban kwamitin iyaye, wanda ya yi shekara talatin yana aikin jirgin ƙasa kuma har yau bai bar saka hular aikin ba, shi ya fara magana.

“Maman Lubuto, baƙo ne fa. Baƙo daga gunduma! A ce ya zo ba kujera, ba ko ruwan wanke hannu? Mu ba mu da iyaye ne?”

“Baba, bara ka ba shi kujera, ka ba shi kaza biyu. Shi me ya ba ka?”

“Ya yaba mana.”

“To ka adana yabon. In ruwa ya sauko sai ka kafa wa 'yan aji biyu shi su fake.”

Mata suka kwashe da dariya. Baba Katongo ya gyara hula, ya ce shi dai bai taɓa ganin inda aka tona wa kai asiri aka ci riba ba, amma tunda yaran zamani sun fi shi sani, ya zuba ido.

Nsofwa ba ta saurara ba. Ta ce ba benci, ba farar ƙasa, ba kaza. 'Yan safe su tsaya, 'yan rana su zo da wuri, a ga kowa a lokaci guda. Sannan ta ce a gwada.

“Ni ce baƙon. Na fito daga mota. Iyaye, yaya makaranta?”

“Lafiya lau!” in ji taron gaba ɗaya, kamar ana amsa waƙa a coci.

Sai da suka faɗa suka ji abin da suka faɗa. Maman Bupe mai soya fanke ta riƙe ciki tana dariya har da hawaye.

“Ƙawata, ki haƙura. Bakin ne ya saba. Ni ranar da aka kwantar da ni asibiti, likita ya ce yaya jiki, na ce lafiya lau, ina aman kuwa.”

“Shi ya sa har yau ba ki warke ba. A sake!”

Sau biyar suna sakewa. A na biyar ɗin sai aka yi tsit, kowa ya sunkuyar da kai, wani tsoho yana ta motsa leɓe kamar mai tauna ƙashi. Nsofwa ta ce ko shirun ma ya fi.

Da sassafen Alhamis ta tsinci kanta riƙe da dutsen guga, tana fitar da karin rigar makarantar Lubuto. Ta tsaya ta dubi hannunta, ta ja tsaki, ta ajiye. Sai kuma ta ɗauka ta ƙarasa, don ita ma ba daga sama ta faɗo ba. A hanya ta leƙa bayan coci ta tarar da bencuna shida an jera su kusa da ƙofa. Ba ta tambayi wanda ya fito da su ba, ta mayar da su ciki ɗaya bayan ɗaya.

An ce ƙarfe tara baƙo zai iso. Tara ta yi, goma ta wuce. Rana ta buɗe, irin ta Oktoba da ke sa kwanon rufi ƙara. Nsofwa ta je bakin ƙofa ta dawo, ta je ta dawo. Ta ƙirga 'yan gindin mangwaro, lissafin ya ɓace mata a ɗari da goma sha wani abu, ta sake daga farko. Iyaye suka fara zamewa, wannan zai je kasuwa, waccan ta bar wake a wuta, ita kuwa tana tare su tana roƙo, wani ta yi masa magiya, wani ta yi masa gori. Can gabas hadari ya fara haɗuwa. Ba ta san ko ta yi addu'a ya zubo a gaban baƙo ba, ko ta yi addu'a ya dakata.

Sai wajen ƙarfe ɗaya wata farar mota ta shigo. Mutumin da ya fito siriri ne, rigarsa ta jiƙe da gumi, da fayil a hammata. Hedimasta ya gabatar da shi da Malam Sikazwe. Ya ɗaga wa yaran hannu ya tambaye su yaya suke.

“Lafiya lau, mun gode, Malam!” Yara sama da dubu, murya ɗaya, har tsuntsayen kan mangwaro suka tashi.

Nsofwa ta dafe kai. Iyaye ta horar, ta manta da 'ya'yansu.

Malam Sikazwe ya bi layin iyaye yana gaisawa. Wayyo, abin tausayi! Duk wanda baƙon ya gaisar sai ya yi gyaran murya ya kalli ƙasa. Baba Katongo ya cije leɓe ya ce “Hmm,” jijiyar wuyansa ta tashi. Baƙon ya fara kallon hedimasta, kamar yana tambaya ko an yi rasuwa ne. Da ya iso kan Nsofwa sai ya rusuna, ya tafa hannu a hankali yadda ɗan mutunci ke gaida babba, abin da ba ta taɓa zaton ɗan ofis zai yi mata ba.

“Mama, yaya gida? Yaya yara? Yaya makarantar tamu?”

“Lafiya lau, mun gode wa Allah.”

Ya yi murmushin wanda aka sauke wa kaya, ya buɗe fayil ya rubuta wani abu.

“Kai!” in ji Maman Bupe daga baya. “Malama da kanta!”

Nsofwa ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Kwana uku tana yawo a rana, ta yi faɗa da dattijo, ta bar tumatir yana ruɓewa, ashe bakinta ne zai kashe ta. Tana nan tsaye baƙon ya leƙa azuzuwa biyu, ya duba masai, ya sa hannu a littafin baƙi, ya nufi mota. Sai da ta ji ƙarar buɗe ƙofa ta farga. Ta ruga, zani yana harɗe ta.

“Ranka ya daɗe! Ƙarya na yi maka.”

Ya juyo. “Wace ƙarya, Mama?”

“Ta gaisuwa. Ba lafiya ba. Ba lafiya ba ko kaɗan.”

Ya share gumi da bayan hannu.

“Mama, makaranta ta huɗu ke nan yau. Duk inda na je lafiya suke. Ni ma ina da ido, amma layin nan da ke cikin takardar na iyaye ne, abin da suka faɗa nake rubutawa.”

“To zo ka ji abin da za mu faɗa.”

Ba ta jira amsarsa ba, ta yi gaba, ya biyo ta har gindin mangwaro. 'Yan aji biyu suna nan jere a kan bulullukansu, gwiwa na gugar bayan na gaba, allon yana jingine da kututture can nesa. Nsofwa ta buɗe baki, maganar da ta kwana uku tana shiryawa ta gudu. Aka tsaya cirko-cirko. Baƙo a tsaye, rana na dukansa.

A nan haƙurin Baba Katongo ya ƙare. Ya yi shiru a kan kaza, ya yi shiru a kan farar ƙasa, amma wannan ya fi ƙarfinsa.

“Haba jama'a! A ba baƙo wurin zama mana!”

Ba kujera, Nsofwa ta tabbatar da haka tun safe. Kowa ya kalli kowa. Sai Lubuto, da aka koya mata tun tana rarrafe cewa ba a zama babba na tsaye, ta miƙe daga layin baya. Ta ɗauki bulonta da hannu biyu, ta ratsa yara, ta durƙusa ta ajiye a gabansa.

Malam Sikazwe ya kalli bulon, ya kalli wandonsa. Ya ce ta mayar da shi inda take zama, ya bi ta can baya, ya tattare wando ya zauna. Gwiwoyinsa suka kai masa haɓa. Ba wanda ya yi dariya, ko Maman Bupe. Ya miƙa wuya yana neman allo, kawuna suka tare. Ya ce malamar ajin ta ci gaba da darasi. Ta fara, ana ganin bakinta na motsi, sai ga jirgin kaya ya taho ta bayan katanga, tarago bayan tarago, ya ɗauke sauran abin da ake ji.

Da jirgin ya wuce ya tashi, ya ɗaga bulon ya juya shi, ya ga rubutun.

“'Yata, me aka rubuta a nan?”

Lubuto ta duba sosai. Ta kalli uwarta, ta sake dubawa.

“Ja ne, Malam.”

Nsofwa ta kau da kai. Ita ta so a ga gaskiya, amma ba ta san haka take da zafi ba in a jikin 'yarka aka gan ta.

Ya buɗe fayil, ya ja layi a kan abin da ya rubuta ɗazu. “Faɗi, Mama.” Ta faɗa. Wannan karon maganar ta zo, ba a jere ba, amma ta zo: ruwa, jirgi, shekara biyu, da sababbin gidajen da ake ta ginawa bayan kasuwa waɗanda 'ya'yansu ma nan za su zo a Janairu. Baba Katongo ya cire hula ya ƙara da cewa bencunan bara na coci ne, shi ya kwaso su.

“Ba zan yi muku alkawari ba,” in ji Malam Sikazwe. “Gini biyu ake da shi bana, makarantu tara ke nema. Takarda kuma in ta shiga cikin 'yan uwanta ba ta da nauyi.” Ya auna bulon a hannunsa, ya sunkuya wajen yarinyar. “Za ki ara mini wannan? Ina so in ɗora shi a kan teburin taro.”

Lubuto ta kalli uwarta. Ba a hana baƙo abu. Nsofwa ta gyaɗa kai.

Motar na fita ɗigon farko ya sauka a kan ganyen mangwaro. Yara suka watse, kowa na cusa bulonsa a gindin katanga inda zai same shi gobe. Iyaye suka yi ta surutu, wannan na cewa an ci nasara, wancan na cewa kaza biyun ma da an yanka. Nsofwa ta kama hannun 'yarta suka bi gefen layin dogo da sauri, zuciyarta na can cikin farar motar tana lissafin makarantu tara.

Sun kusa gida Lubuto ta ja mata zani.

“Mama, gobe a kan me zan zauna?”

Bakin Nsofwa ya buɗe da kansa, “ba komai” har ta hau kan harshenta. Ta haɗiye ta. Ta tsaya cikin yayyafin, ta share wa yarinyar ruwa daga goshi.

“A ƙasa, Lubuto,” ta ce. “Gobe a ƙasa za ki zauna. In wani ya tambaye ki, haka za ki gaya masa.”