Abin da Mista Eli Ya Ce

"Ya ce in zo? Da bakinsa?"

Muryar Odessa ce a waya, 'yar Mista Eli, maƙwabcinmu. Ina tsaye a ɗakin girkinsa. Mijina Ma'aruf na bakin ƙofa yana yi mini alama da ido.

"Mubina, ki ce eh mana," ya faɗa a hankali. "Ma'aikaciyar jinya ta ce Mista Eli ba zai kai yamma ba. Ƙarya ɗaya ce fa."

Daga Summerfield, inda Odessa take, zuwa layinmu a East Greensboro, a nan Amurka, bai fi tafiyar minti ashirin da biyar ba. Amma shekara tara ke nan rabonta da gidan, tun wata rigima da suka yi ranar binne mahaifiyarta. Uba mai taurin kai, 'ya kuma ta gado shi kaf.

Shekara arba'in Mista Eli ya yi yana gyaran labarai a wata ƙaramar jaridar baƙaƙen fata. Duk ranar da na kai masa tuwo da miyar kuka, sai ya buɗe akwatin tsofaffin jaridu ya tsare ni da karatu, miyata na hucewa.

"Duba nan," yakan ce, yana nuni da jan fensirinsa. "Farar fata ya yi magana, sun rubuta *said*, wato ya ce. Baƙi ya yi magana, sai su rubuta wai ya yi iƙirari. A teburina kowa *said* ne, har mai shara. Amma sai ka ji da kunnenka, kuma ba ka ƙara ko wasali."

Ni da nake ganin surutun tsufa ne, yau ga shi ya shaƙe ni. Wallahi na ji haushinsa a lokacin nan. Mutum yana bakin mutuwa, ya kasa cewa a kira masa 'yarsa!

"Kina jina?" in ji Odessa.

"Bai ce ki zo ba."

Ma'aruf ya dafe kai ya fita.

"To me kika kira ni ki gaya mini?"

"Da safe masu kawo gadon asibiti sun so su fitar da wata 'yar shuɗiyar kujera daga ɗakinsa. Ya ce, 'Ku bar ta nan. Da mai ita.' Iyakar abin da na ji ke nan."



"A kanta nake zama in yanka masa jaridu," in ji Odessa. "Da kin ce ya kira ni, da na ajiye wayar. Babana ba ya roƙo. Ga ni nan zuwa."

Na koma ɗakin da sauri. Numfashinsa na fita da ƙyar, kamar ana jan tsohuwar durowa. Wata mota ta tsaya a waje, ya buɗe ido.

"Ita ce?"

"Mai kawo wasiƙu ne. Amma tana hanya. Ta ce ga ta nan zuwa."

"Ta ce?" Ya ƙura mini ido. "Da kunnenki?"

"Da kunnena, Mista Eli."

Ya gyaɗa kai sau ɗaya, ya lumshe ido. Na riƙe hannunsa ina kallon agogo, ina jin tsoron kowane minti.

Ƙarfe uku da kwata motar Odessa ta tsaya. Ya riga ya cika da minti shida. Ta dube ni daga bakin ƙofa, na girgiza kai. Ta jawo 'yar shuɗiyar kujerar zuwa gefen gadon, ta zauna a kai, gwiwoyinta sun kusa taɓa haɓarta. Jan fensirin na kan bargo, ta ɗauka ta riƙe.