Cajar Shugaba

Ummukulsum ce ta haɗa wa ƙungiyar manoman rani ta garin Babban Mutum 'yar kwamfutar da ke kunna injin ban ruwa ta kuma kashe shi a kan lokaci. Girmanta bai wuce tafin hannu ba. Wutar sola akwai a lambun, caja kawai ta rage, ta kuma faɗa wa taro irin wadda ake so: mai bolt biyar, amfiya uku, da gajeriyar waya mai kauri.

Shugaban ƙungiya, Alhaji Ɗantsoho, ya ce ba sai an je ko'ina ba. Ya zura hannu a aljihu ya fito da cajar wayarsa, wadda ya sayo a Madina shekara tara da suka wuce.

"Baba Alhaji, amfiya ɗaya ce a rubuce a jikinta," in ji Ummukulsum. "Ba za ta ɗauka ba."

"'Yata, kin san daga inda ta fito kuwa?"

Aka yi kabbara, aka jona.

Kwamfutar takan tashi lafiya, amma da ta zo kunna injin sai ta ɗauke, ta sake tashi, ta sake ɗaukewa. Kwana huɗu albasa na shan ruwa a cokali. Aka kafa kwamitin bincike na mutum bakwai, aka ce Ummukulsum ta riƙa rubuta abin da manya suka faɗa.

Maharazu, sakataren ƙungiya, ya ce hannun 'yan adawa ne. Wani ya ce iskar lambun ce ba ta karɓe ta ba. Audi mai gyaran janareto ya ce yunwa ce ke damunta, ya kawo ƙatuwar cajar laftof mai bolt goma sha tara, har ya fara fere bakin wayar da reza. Ummukulsum ta yar da biro ta rungume kwamfutar a ƙirji.

"Kawu Audi, in ka sa mata wannan, hayaƙi za ta yi!"

"To ai ƙoshi ke nan," in ji shi.

A zama uku babu wanda ya ambaci cajar Shugaba. Ummukulsum ma da ta buɗe baki, Maharazu ya ce magatakardar kwamiti ba ta magana.

Ganyen albasa ya fara kwanciya. Ranar Laraba Ummukulsum ta hau mota zuwa Daura, ta bi shagunan masu waya tana juya kowace caja tana karanta bayanta, ta ƙi masu sauƙi kamar fanko, har ta sami ta gaske. Da ta dawo ta jona ta ta bayan akwatin katakon da kwamfutar ke ciki, ta bar ta Alhaji a gaba inda kowa ke gani, bakin wayarta a soke cikin katako.

Ruwa ya gudu. Kwamiti ya ba da rahoto cewa na'urar ce ta ɗauki lokaci kafin ta saba da caja mai daraja.

Labari ya kai Mashi, manoman can suka turo wakilai neman aro. Alhaji ya tara jama'a a lambu, ya yi jawabi a kan zumunci, sannan ya sunkuya ya zare cajar da hannunsa. Ummukulsum ta runtse ido.

Injin ya ci gaba da ruri. Ruwa na ta bin kwalbati.

Alhaji ya dubi cajar, ya dubi akwatin, ya daɗe yana duban Ummukulsum. Sai Maharazu ya gyara hula.

"Allahu Akbar! Har ta cika ta. Wannan ba za ta ƙara neman wuta ba."

Baƙin suka naɗe cajar a hankici suka tafi. Da aka watse Alhaji ya matso kusa da ita, ya rage murya.

"'Yata, yaushe za ki kai wa mutanen Mashi ziyara? Ki biya ta Daura tukuna."