Lemun Gonar Aro

A Nok, 'yan aro ake kiran su Zamani. Kakansa ya zo garin da fartanya ɗaya a kafaɗa, mahaifin Baba Dogara ya ara masa gona a gindin dutse, sunan kuwa ya bi su har jika. Duk kaka sukan kai damin dawa gidan mai gona, shaidar ba su manta ba.

A daminar 1991 Asibi, matar Zamani, ta haifi 'yarsu ta fari. Murna ta hana shi zama! Ya hau bas zuwa Kafanchan, ya sayo dashen lemu, ya dasa a bakin gonar cittarsa don yarinyar ta tashi tare da bishiyar.

Wata Lahadi, ana fitowa daga coci, Baba Dogara ya tare shi.

"Ɗana, ashe ka gaji gonata tun ina raye?"

"Baba, me na yi?"

"Ɗan aro citta yake shukawa, da dawa, abin da za a girbe a tafi. Bishiya ba ta tafiya. Gobe jikanka ya nuna ta, ya ce ƙasar tasa ce. Ko ka tumɓuke, ko ka bar min gonata."

Gonar nan ce abincin su Zamani, lemun kuma ji yake kamar 'yar ce za a tumɓuke daga ƙirjinsa. Sai Asibi ta gyara goyo, ta durƙusa.

"Baba, in mai gona ne ya dasa fa?"

"Gonarsa ce, wa zai hana shi?"

"To mu tono shi. Kai ka dasa da hannunka, a gaban mutane."

Tsohon ya dube ta, ya dubi mijin, dariya ta ƙwace masa.

"Zamani, a ina ka samo wannan lauyar?"

Litinin da safe dattawa uku suka tsaya a bakin gonar. Zamani ya tono dashen da ƙasarsa a hankali, ya miƙa da hannu biyu. Baba Dogara ya duƙa, gwiwoyinsa na ƙara, ya mayar da shi cikin ramin da ya fito, ya danne da tafin hannu.

"Ku shaida, lemun Dogara ne," in ji shi, yana kakkaɓe hannu. "Ban ruwa kuwa aikin ɗan aro ne. Me kake kallo? Ɗauko bokiti!"

Zamani ya ruga rafi da gudu.